Bidiyon da ya so ya kunyata mu a Wara

Jama'a, yau saura ƙiris mu sha kunya a Wara!

Masu kwale-kwale sun taru mu nuna musu manhajar jerin lodi. Ina tura sabon aiki zuwa ma'ajiyarmu ta intanet, ya kai rabi ya tsinke. Na sake, haka! Shugabansu, Sarkin jirgi, sai kallon rana yake.

Na buɗe tarihin gyare-gyaren manhajar, in gano abin da ya hana aikin wucewa. Bayanaina duka "gyara", "wani gyara". Banza!

Sai ga bayanin Hauwa'u, abokiyar aikina: "Na saka bidiyon tasha, yana da nauyi. A cire in sabis ya yi rauni."

Na cire, aiki ya wuce fit!

Da na gaya masa abin da ya faru, Sarkin jirgi ya ce, "Malam, shi ya sa kowane buhu muke rubuta sunan mai shi. In jirgi ya yi nauyi, mun san na wa za mu sauke."