Shekarar Da Na Ɓoye Haɓata A Rawani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara talatin da ɗoriya ban taɓa ba da labarin nan ba. Jiya a wajen sunan jikata ina ta dariya baki har kunne, sai wani baƙo ya ce, "Baba, wannan tabon na haɓarka fa?" To, yau zan faɗa.

Lokacin ina ɗinki a Hayin Banki. Wani kumburi ne ya fara kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin turmin haƙorina na hagu. Babu zafi. Wanzami ya cire haƙorin, ya ce an gama. Bayan wata shida ya kai girman ƙwai. Na koma, ya yi mini sakiya, ba abin da ya fito sai jini.

A layinmu magidanta kan fito da kwanukansu bayan Magariba, a ci tare a tabarma ɗaya. Wata rana miya ta zubo mini ta gefen baki. Na ga maƙwabcina ya janye hannunsa daga kwanon a hankali.  Daga ranar ban sake fitowa ba.

Na sayi rawani na naɗe har haɓa. Abokai suka riƙa tsokana, "Tela, wace sarauta aka ba ka ba mu ji ba?" Sai in ɗaga musu hannu, in shige shago in rufe ƙyaure in ci abincina.

Matata Hajara ce ta gaji. Ta ce, "Malam, ko ka je asibiti, ko in kira Yayanka ya kai ka."

Da na je, aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ce, "Wannan ba ciwon haƙori ba ne. Ƙari ne, ya tsiro daga naman da ke haifar da haƙori. Sai mun yanki kaɗan an duba, mu san ko ciwon daji ne."

Mako uku ina jiran takardar. Ko ɗinkin Sallah ban karɓa ba, don ban san ko zan kai ba.

Sakamako ya fito: ba daji ba ne, amma yana cin ƙashi, dole a cire. Na sayar da keken ɗinkina ɗaya don kuɗin aikin. Aka yanke gefen muƙamuƙin, aka ɗaure haƙorana da waya har mako shida. Kunu kawai, ta bututu.

Ba magana. Karatun yamman da na yi da girmana ne ya rage mini, sai in rubuta a takarda. Amma Hajara ba ta karanta boko. Ran nan na rubuta mata "ina jin tsoro". Ta daɗe tana kallon takardar, ta ninke ta, ta ƙulle a bakin zaninta, ta ci gaba da yi mini fifita.

Bana da na je a duba ni, wata likita ta ce yanzu akwai gwajin da ke gano alama a cikin ƙwayoyin naman, a gane irin ƙarin sosai. Na ce masha Allah, ku 'yan yanzu kun taki sa'a.

Alhamdulillahi, bai dawo ba. Allah ya saka wa likitocin nan, ya jiƙan Hajara.

Don Allah, kumburi a baki ko ba ya zafi, a kai asibiti tun yana ƙarami. Mai majinyacin da ba ya iya magana kuma, ya je ya zauna kusa da shi. Ba sai an ce komai ba.