Giwan Ruwan Mai Jego

Ɗana na fari masunci ne kamar ubansa, amma ya ajiye koma ya kama wani aiki da har yau ban ga kansa ba. Wani Alhaji a Unguwar Sarki, tsohon darakta, ya koyo kamun kifi na nishaɗi a ƙasar waje. Duk Asabar ɗana ke tuƙa shi a kwale-kwale, ya nuna masa inda kifi ke kwanciya, ya ɗaura masa ƙugiya da gashin zabo har ta zama kamar ƙwaro. Da wannan aikin yake ciyar da gidanmu a Badarawa.

Dokar Alhaji ɗaya ce. In an kama kifi, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa. Da aka gaya mini na ɗauka zolaya ce.

Asabar ɗin da nake magana, matar ɗana na jego, jini ya zuba mata da yawa, nono ya ƙi kawowa. Kunun kanwa kawai take sha. Na ɗauki daro na gangara bakin kogi ta Malali. A saninmu, ba a kama kifi a hana gidan mai jego.

Ina zaune suka iso gaɓa da giwan ruwa, tsawonsa ya kai hannuna. Alhaji ya rungume shi yana washe baki, ɗana na ɗaukar hoto. Sai Alhaji ya miƙa masa kifin.

"Maza riƙe shi cikin ruwa ya farfaɗo."

Na miƙe. "Ranka ya daɗe, barka da arziki. Ni ce uwarsa. Muna da mai jego a gida."

Ya dubi darona ya yi dariya. "Iya, ai wannan abokin wasana ne. Kina cin abokin wasanki?"

"In ya yi ƙiba haka, da yaji ma."

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce wa ɗana, "Sake shi."

Yaron na tsaye, ruwa iya gwiwa, kifin na motsi a hannunsa. Bai dube ni ba.

Na ce, "Kai. Matarka na kwance kamar tsumma, ɗanka na tsotsar iska. In ka saki naman nan, kada ka sake ce mini Inna."

"Inna, don Allah, aikina ne."

"Na ji. Zaɓi."

Ya fito a hankali ya sa kifin a daro. Alhaji ya naɗe zarensa, ya ce, "Allah ya raya," ya hana shi ko taɓa jakar kayan. Da kansa ya kai ta mota.

Na yi farfesu da kimba da masoro. Mai jego ta sha har tana gumi.

Asabar ta zagayo, ɗana ya yi wanka ya zauna a zaure da waya a hannu har azahar. Ta gaba ma haka. Daga baya muka ji wani ɗan Rafin Guza ke tuƙa Alhaji, kuma da ƙugiyoyin da ɗana ya ɗaura.

Yanzu dako yake yi a tashar Kawo. Rannan ya dawo kafaɗarsa a saluɓe, ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Inna, kifi ɗaya fa."

Na ce, "Babba ne. Matsa, ka tare mini haske."