Allurar Tazarar Haihuwa a Shinkafi

Shekarar da rediyo ta cika da gardamar 'yan majalisa kan kuɗin tazarar haihuwa, dattawan unguwarmu a Ƙaura Namoda ma suka zauna, ni ne magatakarda. Da farko shugaban dattawan ya ce allurar tazarar haihuwa ta zubar da ciki ce. Na biyu, aka hana matanmu karɓa. Na uku, na sa hannu, alhali likita ya gargaɗe ni cewa wani ciki nan kusa zai iya kashe matata.

Ranar kasuwa na kai ta asibitin Shinkafi, inda ba a san mu ba. A bencin jira na tarar da shugaba da iyalinsa.

"Malam, ciwon kai ne?" ya ce.

"Shi ne, Alhaji. Irin naku."

Ya matsa, muka bi layi.