Yadda Binciken Hadi Ya Tashe Ni Daga Hayyin Ashir

Hadi ƙanin mijina ne. Duk wanda ya tambaye ni abin da ya karanta a Masar, cewa nake ya je ya tambaye shi da kansa, don ni har yau ban gane ba. Abin da na sani kawai, karatun nan shi ya raba ni da shaƙƙata, wato ɗakunan hayarmu, da sana'ata, kuma wai a kansa aka ba shi digiri.

Mutumin Kazaure ne, auta a ɗakinsu. Mijina Abakar ya ce tun yana yaro haka yake: a aike shi sayen manja, sai a tarar da shi yana tambayar mai manja dalilin da ya sa rumfarta ke jikin ta mai daddawa, miya tana can tana jira. Ya zo Alƙahira karatun addini, ya gama, muka ce alhamdu lillahi an samu liman a dangi. Sai ya ce shi ilimin zamantakewa zai ɗora a wata jami'a da ke Giza. Na ce masa, yanzu zaman ma sai an je jami'a? Mu da muke zaune da mutane tun da aka yanke mana cibi fa? Ya yi dariya ya ce, matar Yaya ke nan. Haka yake kirana, kuma ba ya fushi. Wannan rashin fushin nasa ya fi komai ba ni haushi.

A wurinmu ya zauna, a hawa na huɗu a unguwar Hayyin Ashir. Abakar tafinta ne na 'yan gida masu zuwa asibiti, aiki ne na yau akwai gobe babu. Tukunyata ce ke riƙe da gidan. Tuwo da miyar kuka, waina, dambu ranar Juma'a, ɗalibanmu 'yan gida suna hawowa suna saye. Mai imarar, wato mai benen, ya hana sana'a a cikin gidansa, amma ba a nan yake zaune ba. Idonsa shi ne bawwab, wato mai tsaron ƙofa, Ammu Shahata, wani dattijo daga kudancin Masar da ke kwana a ɗan ɗakin ƙarƙashin matakala da matarsa Mahasin. Shi ke share matakala, shi ke sauke shara, kowace shaƙƙa tana ba shi ɗan abu a wata. Yana ganin ɗalibai suna hawa da kwanuka, ya kawar da kai. Muddin ya yi shiru ina da sana'a. Ranar da ya buɗe baki, khalas, ta ƙare.

To, da aka zo zaɓen abin da zai yi bincike a kai, Hadi bai ga Kazaure ba, bai ga Masar ba, sai Indunusiya. Wai yadda ƙauyukansu ke canzawa, da yadda suke gina kansu da kansu. Na ce ka taɓa zuwa? Ya ce a'a. Za ka je? Ya ce babu hali, amma malaminsa ya ce Indunusiya tana nan a unguwarmu, ɗalibansu sun fi a ƙirga. Shi ke nan ya shige cikinsu. Ya yi aboki, Wahyu, shugaban ɗaliban wani yanki nasu, ɗan siriri mai murmushi kamar an biya shi. Hadi ya dinga dawowa yana warin soyayyen kifi da barkono, ya tsaya mini a ƙofar kicin yana zuba. Wai a ƙauyen su Wahyu mutane ke fita su gyara hanya da magudanar ruwa da hannunsu, tsofaffin mata ke auna jarirai duk wata. Wai yanzu samari sun tafi birni, sun samu babur da waya, wasu sai su aiko a yi musu maimakon su zo, kuma wannan shi ne sauyin da yake nema ya fahimta. Ya ce suna kiran aikin goton royon.

Na ce ai gayya ce, me ya kai ka jami'a?

Ya ce, "Kamar gayya, matar Yaya, amma ba ta da mai ita."

"Gayya ba mai ita? To wa zai yi tuwo?"

Ya ce ai nan gizo ke saƙa. Ni ban ga gizo ba, ban ga saƙa ba.

Shekarar 2012 ce, bayan juyin-juya-hali, shara ta taru a kowane lungu. Sai Hadi ya ce ya gaji da ji da kunne, yana so ya gani da ido. Ya roƙi Wahyu su zo su yi aikin nan nasu a imararmu ranar Juma'a da safe, ya kuma gayyaci ɗalibanmu don ya kwatanta. Na tambaye shi ko ya gaya wa Ammu Shahata. Ya ce ba sai an gaya masa ba, wa ke ƙin a taya shi aiki? Ni dai na ɗora manyan tukwane biyu, don ba za a yi gayya a ƙofata a ce Rabi'atu ba ta ciyar ba. Wannan abin kunya ne har Kazaure.

Su Wahyu suka zo da sassafe, jingim, kowa da bokitinsa da tsintsiyarsa, har da shinkafarsu a robobi. Babu mai ba da umarni, babu mai tambayar wa ya kira shi. Suka fara daga soro suna gangarowa, wanki, kankara, wani ya canza ƙwayayen lantarki, wasu suka shafa wa bango fenti. Ammu Shahata ya fito ya tarar da baƙi suna wanke masa matakala. Ya bi wani yaro ya fizge tsintsiyar. Su kuma a al'adarsu ba a barin dattijo ya sunkuya samari suna tsaye, suka ɗauka taimako yake son yi. Suka karɓe tsintsiyar da ladabi, suka ɗauko kujera suka zaunar da shi, suka kawo masa shayi. Ya miƙe, suka sake zaunar da shi, suna sumbatar hannunsa. Na leƙo daga sama na gan shi riƙe da kofi kamar mai karɓar gaisuwar mutuwar kansa.

Namu kuwa sai dab da Juma'a suka ɓullo, cikin shadda mai sitaci. Kamilu, wanda ya fi kowa cin wainata, ya ɗage rigarsa kada ta jiƙe, ya ce, "Hajiya, gayyar wa ake yi? Ko Malam Hadi ne zai yi aure?" Aka ce ta kowa ce. Suka dubi juna, suka wuce kan tuwo. Ɗaya ya riƙe bokiti har aka ɗauki hoto. Waɗanda suka yi aikin suka ɗanɗana miyata da bakin cokali, suka ce tamam, suka koma kan shinkafarsu. Waɗanda ba su yi ba suka suɗe tukwane. Hadi yana tsakiya yana tambayar kowa yadda ya ji a ransa.

Ba a yi mako ba abin ya fashe. Wasu maƙwabta suka ce tunda baƙi na wankewa kyauta, me za su ba bawwab wannan watan? Mai imara ya zo, ya ga matakala tana ƙyalli yadda bai taɓa gani ba, ya tambayi Ammu Shahata shi amfaninsa mene ne. Mutum ya ga ɗakinsa na neman kuɓuce masa, sai ya nuna sama. Ya faɗi tuwo, ya faɗi waina, ya faɗi samarin da ke hawa da sauka. Aka ba mu zuwa ƙarshen wata.

Na sauka wurin Mahasin, matar da muka sha musayar gishiri da albasa. Ba ta ce in zauna ba. Ta ce, "Me muka yi muku, ya Hagga? Mun rufa muku asiri, kun kawo mutanen Sin su cire mana burodi daga baki." Na ce ba mutanen Sin ba ne, kuma bincike ne. Ta ce binciken wa, gwamnati? Na ce na Indunusiya. Ta ce to me ya haɗa Indunusiya da matakalar mijinta?  Ni ma tambayar da nake yi ke nan.

Na hau na samu Hadi. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Ya ce a duk littattafan da ya karanta a kan ƙauyukan nan babu bawwab. Na ce a imarar da kake kwana fa, shi ma babu? Ya sauka ya ba Ammu Shahata haƙuri, ya yi ta yi masa bayanin sauyin zamantakewa har tsohon ya ce ya bari, kansa na ciwo. Ya je wurin mai imara, aka bar bawwab a ɗakinsa. Mu ba a bar mu ba.

Abakar ya samo shaƙƙa a Hada'iƙul Ma'adi. Daga can zuwa inda ɗalibai suke, sai ka hau jirgin metro ka hau mikrobas, ƙaramar motar haya, ba mai yin wannan tafiya don waina. Na san sana'a ta ƙare.

Ranar tashi ban gayyaci kowa ba, kunya ta ishe ni. Da safe na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Wahyu ne, bayansa yaran nan sun jeru a matakala tun daga hawa na huɗu har titi. Ba wanda ya kira su, Hadi ya rantse. Sun ji maƙwabciya za ta tashi, shi ke nan. Suka dinga miƙa kaya hannu zuwa hannu, katifa, firji, tukwanen da suka jawo mini, har turmina. Daga cikin masu cin tuwona ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Da na haɗu da Kamilu daga baya ya ce ai ba a gaya musu ba, da an kira gayya da sun zo.

Ni kuma an riga an cire tukunyar gas, ba abin da zan ba su. Na tsaya ina ta ba da haƙuri. Wahyu bai gane haƙurin me nake bayarwa ba. Ya buɗe roba ya miƙo mini. Na zauna a kan turmina a bakin titi ina cin shinkafar mutanen da suka sa aka kore ni, da daɗinta kuwa. Ammu Shahata ya fito ya taya ɗaure kaya a mota, wannan karon suka bar shi. Ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, na ce ma'alish. Na duba in ga wanda zan zaga, na rasa.

Hadi ya kare kundinsa a 2014, aka ce ya yi ƙoƙari. Na tambaye shi, to a ƙarshe me ka gano? Ya ce ya gano abin ya fi yadda ya zata wuya, shi ya sa zai ɗora digiri na uku. Yana nan a Giza, ya yi aure, bai canza ba. Ranar da ya fara kawo mana amaryarsa, na gan shi ya tsaya a hawa na biyu yana kallon ƙurar da ke matakala. Na sauka na kamo hannun rigarsa na shigar da shi ciki, na gaya wa sabon bawwab ɗinmu cewa in mutumin nan ya yi masa tambaya, ya ce ba ya jin Larabci.