Yashin da Ya Manta Ƙafata

Abubuwa da yawa sun faru da ni a rayuwa na manta su, wasu ma da gangan na manta. Amma ranar da na cire takalmi a cikin hamadar Dubai, a gaban matata da 'yata da wasu tsofaffin Turawa, wannan kam har kabarina zan tafi da ita. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, tunda matar tawa tana raye kuma bakinta lafiya lau.

Bari in fara gaya muku ni ɗan yashi ne. A wani ƙauye aka haife ni can arewacin Yobe, gab da iyakar Nijar, inda tuddan yashi suka kewaye mu ta ko'ina. Ban san takalmi ba sai da aka sa ni firamare, shi ma sai ranar da mai duba makarantu zai zo. Tafin ƙafata a lokacin kaushi ne zalla, ƙaya in ta soke ni ita ke karyewa. Fason dugadugina kuwa za ka iya ɓoye kwabo a ciki. Boko ban yi nisa ba, daga aji biyu na sakandare na ce na gode. Yadda aka yi mai irin wannan ƙafar ya tsinci kansa a Birmingham wani labari ne daban, kuma ba shi da daɗin ji.

A unguwar Lozells muke zaune, a flat ɗin council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma. Shekara da shekaru ina aikin kula da wata cibiyar matasa: in buɗe ƙofa, in goge daɓe, in gyara famfo, in kori yaran da ke laɓewa a bayan gini suna busa taba. Ba aikin a zo a gani ba ne, amma nawa ne, kuma da shi nake shiga gidana da kai a sama. Sai aka shiga shekarun nan da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Da aka tashi tsukewa, aljihun irinmu kaɗai aka ga bakinsa. Wata yarinya mai murmushi ta zaunar da ni ta ce za a rufe cibiyar, ta ce ta san yadda nake ji. Ba ta sani ba. Aka sa kwaɗo a ƙofar da ni nake buɗewa, ciyawa ta fito a filin ƙwallon.

Na koma zaman gida. Matata tana aikin kula da tsofaffi, ita ta koma ciyar da mu. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma rashin gorin ya fi gorin ciwo. Ina zaune ina kallon ruwan sama ta taga, sai ƙauyenmu ya fara yi mini kyau a ido. Na wayi gari na ce mu mayar wa council flat ɗinsu mu tattara mu koma gida.

Matata ta ce, "To, Malam."

Duk mai aure ya san irin wannan "to" ɗin. 'Yarmu kuwa, wadda a lokacin take shirin shiga jami'a, ta dube ni kamar na ce mu koma duniyar wata. Amma ni da gaske nake. Har na buga wa ƙanena waya na ce ya share mini filin babanmu. Na kuma gaya wa matata ƙarara: ko mu tafi tare, ko in tafi ni kaɗai, kuma ta san ma'anar namiji ya tafi shi kaɗai. Daga ranar gidan ya yi tsit. Muna cin abinci a faranti ɗaya amma kamar baƙi a tasha.

Ana cikin haka ƙanin matata ya shigo maganar. Likita ne a Manchester. Na san shi tun yana yawo da majina, yanzu shi ne mai gida da lambu, mai zuwa kasuwar Longsight ya sayi rago guda ya zuba a firiza. Tunda ƙanin mata abokin wasa ne, bai taɓa raga mini ba, Sarkin Yashi ma yake kirana. Muka je masa ziyara wani ƙarshen mako, ya lura ba ma magana, sai ya ce zai kai mu Dubai gaba ɗaya kowa ya sha iska.

Ya ce, "Har hamada za a kai mu, Sarkin Yashi. Ka je ka gaisa da talakawanka."

Na so in ƙi, don ba na son alherin da ake yi mini da dariya. Amma sai na yi wani tunani. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin yashi ba sai na bakin teku mai sanyi kamar ƙanƙara. In ta ga tudu, ta ga sarari, ta ga ubanta a inda ya fi kowa, wataƙila jini ya motsa. Uwar kuma in 'yar ta karkata, ai ta gama.

Sai na yarda, muka tafi. Washegarin isarmu da safe aka zo ɗaukarmu daga otal a wata ƙatuwar jif. Na zaci direban Balaraben ƙauye ne, sai ga ɗan Pakistan da farar jallabiya. Da ya ji daga Birmingham muke, ya ce ɗan baffansa yana da shago a Handsworth, unguwar da ke kusa da tamu. Wato na tsallako teku don maƙwabcina ya nuna mini hamada. A motar akwai wani tsoho Bature da matarsa, su ma daga Ingila, wajen Manchester, sun shafa wani farin mai a fuska kamar za a soya su.

Da muka bar kwalta direban ya tsaya ya rage iskar tayoyi, sannan ya shiga hawa tudu yana gangarowa a karkace kamar mai neman kashe mu. Wai wannan shi ne nishaɗin. Tsohuwar tana ihu, 'yata tana ihu, matata da ta yi watanni ba ta yi mini murmushi ba tana ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa shayin safe yana ta kai-komo a maƙogwarona, na danne shi don mutunci.

Aka sauke mu a wani sansani. Ga raƙumi an saƙa masa takunkumi mai launi kamar hular jariri, ana zagayawa da shi wuri ɗaya ana ɗaukar hoto. Na dubi idonsa, ya dubi nawa, na ga shi ma aikin kawai yake yi. Ga wani yana naɗa wa mutane rawani, naɗin da in ka shiga kasuwarmu da shi yara za su bi ka da jifa. Yashin nan da ya cinye gonar babana, yashin da muka yi ta kwashewa daga bakin ƙofa da ƙwarya, shi ne aka yanka wa tikiti mutane suna layi. Na faɗi haka da ƙarfi.

Rana ta take sosai lokacin da aka kai mu gindin wani babban tudu. Direban ya ce duk mai son hawa ya hau, amma kada kowa ya kuskura ya cire takalmi, yashin ya ɗauki zafi.

Likita ya nuna ni ya ce, "Ban da wannan. Wannan a cikinsa aka haife shi."

Na ce, "Kana wasa ne, amma gaskiya ka faɗa. Da tsakar rana nake kora awaki a kan wanda ya fi wannan, ba ko silifa."

'Yata ta ce da Turancinta na Birmingham, wanda ake yi ta hanci, "Dad, wancan ai tun kafin a haife ni ne."

Maganar ta soke ni. Na juya wajen uwarta na ce, "Ke, ki saurara. In na hau tudun nan na sauko ba takalmi, kin yarda mun koma gida?"

Ban zaci za ta amsa ba. Ta dubi tudun, ta dubi ƙafata, ta gyara mayafi. Ta ce, "Na yarda, Malam. In ka kai sama ka dawo, ni da kaina zan haɗa kayan. In kuma ba ka kai ba, maganar ta mutu a nan."

"Ki faɗa a gaban ƙaninki."

"Ga shi nan yana ji."

Likita ya daina dariya. Ya ce, "Yaya, ki hana shi mana." Ta ce, "Bar shi, ai Sarki ne."

Da ina da hankali, saurin yardar nan ya isa ya sa in tsaya in yi tunani. Amma na zauna a bakin mota na kwance igiyar takalmi, na cire safa na ninke. Direban yana ta roƙona da Turanci, na ce masa ya je ya ji da tayoyinsa.

Takun farko lafiya, don inuwar mota ta rufe wurin. Na fita daga inuwar na ji ɗumi, na ce a raina, yauwa, ga tsohon abokina. Na ci gaba ina taku da ƙasaita, hannu a baya. Ban yi nisa ba ɗumin ya zama wani abu daban. Kun san kaskon tuyar masa in ya yi ja? To ku ɗauka an shimfiɗa shi daga nan har sama, kuma kowane taku ƙafarka tana nutsewa a ciki. Na ƙara sauri, yashin yana zamewa yana dawo da ni. Wajen tsakiyar tudun na gane cewa ba zan kai sama ba. Na waiwaya, na gane ƙasan ma ta yi mini nisa.

Sai na tuna dabarar yarinta: in ka tona, na ƙasa ya fi sanyi. Na murza ƙafafuna na binne su har idon sawu. Na ɗan samu sauƙi, amma ga ni a tsaye an dasa ni kamar turken akuya, ba gaba ba baya. Can zafin ya biyo ni ƙasan. Na cire hulata, hular da na ajiye don sallar idi, na jefa ƙasa na taka. Ƙafa ɗaya kawai take ɗauka. In ɗora dama in ɗaga hagu, in ɗora hagu in ɗaga dama. Daga ƙasa tsohuwar Baturiyar ta ɗauka rawar gargajiyarmu ce, ta fara tafi tana ɗauka a waya.

'Yata ce ta hawo da gudu, takalmana a hannunta. Ta iso tana haki, hawaye da dariya sun haɗe mata. Ta durƙusa, da Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Baba, sa takalmi. Don Allah. Ya isa."

Na ce, "In na sa, na faɗi ke nan."

Ta ce, "Ka faɗi tun ɗazu. Sa kawai."

Na sa. Ita ta riƙo ni muka gangaro, ina tafiya kamar kaza a kan garwashi.

A bayan motar akwai akwatin ƙanƙara da ake sa ruwan sha. Likita ya kwashe robobin, ya zuba ruwa, ya tsoma ƙafafuna a ciki. Ya duba tafin, duk ya tashi ya yi ƙuraje farare masu ruwa. Na jira ya yi mini tsiya, bai yi ba, wannan ma wani wulaƙancin ne. Matata ta zo ta tsuguna, ta ɗago ƙafar dama ta riƙe a hannunta tana kallo kamar mai duba tumatir a kasuwa.

Na ce a hankali, "Kin san haka za ta faru."

Ta ce, "Malam, tun da muka zo ƙasar can wa yake goge maka ƙafa da dutse? Wa yake shafa maka basilin duk bayan wanka, ya sa maka safa? Ni na yi kiwon ƙafar nan. Ta fi ta jariri laushi. Kai ne ba ka taɓa juya ta ka duba ba."

Ashe ina ta alfahari da kaushin da tuni mace ta kankare shi a kan kafet, ina zaune ina kallon labarai ina jin daɗi.

Ta ƙara da cewa, ba tare da ta ɗago kai ba, "Da ka tafi kai kaɗai, wa zai hawo maka da takalmi?"

Sauran kwanakin a ɗakin otal na yi su, ƙafa a kan filo, su suna yawon kasuwa. Da muka dawo, a keken guragu aka turo ni daga jirgi. Nas ɗin asibitin unguwarmu da ta kwance bandejin ta tambaye ni ko gobara aka yi, na ce mata eh, kusan haka. Da na warke na buga wa ƙanena waya na ce ya shuka gero a filin, ba yanzu ba. Bai tambaye ni dalili ba, ina jin labarin ya riga ni isa.

Kada ku ɗauka na shirya da ƙasar nan. Har gobe ban yafe wa waɗanda suka rufe cibiyarmu ba, kuma aikin gadin wurin ajiye motoci da na samu daga baya ba abin da zan yi wa godiya ba ne. Ruwan sama yana nan yana zuba kamar an biya shi. Yarinyar ta yi karatunta a Manchester a gidan kawunta, wanda ya sauya mini suna daga Sarkin Yashi zuwa Sarkin Rawa. Amma muna nan mu biyu a flat ɗin, ni da matar, a faranti ɗaya, kuma ana magana.

Abin da na koya shi ne, garin da ka baro yana nan, yashinsa bai huce ba, kai ne ka canza ba ka sani ba. Kafin ka yi rantsuwa da abin da kake da shi a da, ka juya ka duba ko yana nan. In kuma ba ka iya dubawa, ka tambayi wadda take riƙe da ƙafarka kullum. Har yanzu bayan wanka takan ɗauko kwalbar basilin ta zauna. Nakan harare ta, don yanzu na san manufarta. Sannan in miƙa ƙafar.