Cizon da Za a Ƙera da Azurfa

Matar da ke tsaye a shagon maƙerin azurfa ko kallon sarƙoƙin cikin gilashi ba ta yi. Doguwa ce, da tabarau a goshi da burbushin alli a yatsu. Malamar makaranta ce wannan, in ji zuciyar tsohon maƙerin.

Ta naɗe hannun riga. Ga ɗan tabo lanƙwasasshe a damtsenta. Nan da nan ya jawo faffaɗan awarwaro, don ya saba duk mai nuna masa tabo rufewa take so.

"A'a, Baba, ba ɓoyewa zan yi ba. Irinsa za ka ƙera min in rataya a wuya."

Ya ɗora siririyar takarda a damtsen, yana bin tabon da fensir yana saƙe-saƙe. Wuƙa ce? Ko kare?

"Cizon ƙanina ne, muna yara," ta ce da murmushi. "Bara ya rasu, ga tabon ma ya fara dushewa."

"Allah ya jiƙansa."

Ganin zanen ya karkace, ya yunƙura zai goge. Ta riƙe hannunsa.

"Bar shi haka, Baba. Dama haƙorinsa ɗaya a karkace yake."