Masaukin Baba a Illo

Babanmu ya bar gonar shinkafa a fadama da masauki mai ɗaki uku a Illo, ya yi wakafinsu don matafiya. Duk wanda hanya ta yanke wa, ya kwana, ya ci tuwo, ya wuce. Da ya rasu, amanar ta dawo hannun mu biyu, ni da Baffa, ƙanensa.

Takardar wakafin ta tsufa, amintattun da ke cikinta duk sun riga mu gidan gaskiya. Aka ce sai an sabunta ta kafin a yi mana rajista. Muka ɗauko lauya daga Birnin Kebbi, muka zauna a zauren Baffa.

Lauya na karantawa, ya zo wurin da aka rubuta "kowane matafiyi". Baffa ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Ka ƙara 'ɗan Najeriya' a wurin."

Na ce, "Baffa, me ya kawo wannan?"

"Mutanen ƙetare sun cinye muna shinkafa. Wanga gida ba na Benin ba ne."

Innata Badendiya ce, daga can ƙetaren aka auro ta, kuma Baffa bai taɓa yafe wa Baba wannan auren ba. Na san ba shinkafa ke cinsa ba.

"To, in kawunnaina sun zo kasuwa, a titi za su kwana?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan yaushe ne? Da ni aka haƙa harsashin masaukin nan, kana goye."

Lauya ya yi gyaran murya. Ya ce sunayen amintattu ana sauya su, amma nufin mai wakafi ba a taɓa shi sai da izinin kotu, kuma da wuya kotu ta yarda. Baffa ya tashi ya shige cikin gida, ko sallama babu.

Na ɗauka na yi nasara. Ashe da sauran rina a kaba. A zama na gaba ya kawo babban ɗansa a matsayin amintacce na uku, lauya ya ce babu dokar da ta hana. Aka sa hannu, aka buga hatimi. Kalmar Baba ta tsira, amma makulli ya koma aljihun ɗan Baffa.

Yanzu in baƙo ya yi sallama da Hausa, ƙofa na buɗewa. In da Dendanci ya yi, sai a ce mai makulli ya tafi Kende. Na kai ƙara wurin liman, ya ce mu yi haƙuri da juna.

Ni da Baffa muna haɗuwa a jana'iza da suna. Ina durƙusawa in gaishe shi, ya amsa yana duban wani wuri. Lauya ya ce ina iya zuwa kotu. Inna ta ce muddin tana da rai, ba za a kai ƙanen mijinta gaban alƙali saboda ita ba.